Barbara Jordan da teburin gidansu

Edita,

'Yata ta kammala karatun lauya, kullum kuka take ba ta da ofis. Shi ya tuna mini Barbara Jordan, baƙar fata 'yar Houston a Amurka. Da ta gama karatun lauya a Jami'ar Boston a 1959, teburin cin abincin iyayenta ta mayar ofis. Ta faɗi zaɓe har sau biyu, a 1962 da 1964. A 1966 ta zama baƙar mace ta farko a majalisar dattawan jiharsu ta Texas, a 1972 aka zaɓe ta majalisar wakilan tarayya. Jawabinta na 1974 kan tsige Shugaba Nixon kuwa, Allah ya yi mata murya! Don Allah ku kawo mana tarihinta.

Wata uwa,
Zariya