Zuwa ga mutumina, daga Agege

Assalamu alaikum mutumina,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, da Hajiya da yara. Shirun ya yi yawa. An ce tunda ka yi amarya ko majalisa ba a ganinka, to balle mu na Legas mu sa rai da waya.

Makon jiya maƙwabcin shagona, Bayaraben nan da ka sani, ya ja ni garinsu Ososa kusa da Ijebu-Ode, muka shiga gidan Hubert Ogunde, shahararren ɗan wasan kwaikwayon nan na Yarabawa, da aka mayar gidan tarihi. Wallahi har yau abin bai sake ni ba. Ga kayan da yake sawa a wasa an adana su tsaf, ga ganguna, ga hotunansa da matansa. Matan nan su ne 'yan wasansa, don a zamanin iyaye ba sa yarda 'yarsu ta hau dandamali, sai ya riƙa aurensu.

Ɗan sanda ne fa da farko. A 1944 ya nuna wasansa na farko a Glover Hall nan Legas, daga baya ya tuɓe kaki ya kafa ƙungiya, suna bin gari gari a mota. Ga inda nake so ka ji: da 'yan sandan mulkin mallaka suka harbe masu haƙar kwal 21 a Inugu a 1949, sai ya shirya wasa a kai, Bread and Bullet. Da ya kai shi Kano aka hana shi nunawa. Kanonmu fa! A 1964 kuma gwamnatin Akintola ta haramta masa wasa a Jihar Yamma saboda wasansa Yoruba Ronu, sai bayan juyin mulkin 1966 aka ɗage. Fim kuwa sai da girma ya zo ya shiga. Ya rasu a Landan a 1990 yana da shekara 73.

Ina tsaye a ɗakin sai Samanja ya faɗo min a rai, da Ƙasimu Yero, Allah Ya jiƙansu. Ina kakin Samanja da hularsa yanzu? Wa ke riƙe da kasa-kasan da muke cunkuso mu kalla ta tagar maƙwabta? Kai da ke da mutane a Kaduna, don Allah ka bincika min. Ko ɗaki guda ne a samu a tara su, ni zan fara ba da nawa gudummawar.

Af, ɗan gidan mai unguwa ya bar acaba ya koma dakon tumatir a Mile 12, har ya yi ƙiba. Ka faɗa wa babarsa hankalinta ya kwanta.

A gaida amarya da kyau.

Naka,
abokinka na Agege