Wasiƙa zuwa ga Abba a New York

Abba,

Assalamu alaikum. Kuɗin maganin Hajiya sun iso, Allah ya yi maka albarka.

Ƙanwarka ta nuna mini hoton da ka saka a Instagram, kana tsaye gaban ƙaton zanen Jackson Pollock, mai zanen nan Ba'amurke, ka rubuta wai shi ne gwaninka. Ta kuma nuna mini ɗayan, na teburin nan mai kwalabe. Ka gaya mata ba naka ba ne. To, na ji.

Barci ya ƙi zuwa, sai na sa aka nemo mini tarihin mutumin. An haife shi a jihar Wyoming ta Amurka a 1912. A 1930 ya zo garin da kake, ya koyi zane wajen Thomas Hart Benton, yana zana mutane da dawakai kamar kowa. Tun lokacin giya ta riga ta kama shi. A 1945 shi da matarsa Lee Krasner suka koma ƙauyen Springs a jihar New York, can ya fara shimfiɗa yadi a ƙasa yana ɗiga fenti da sanda. Wannan salon, daga 1947 zuwa 1950, shi ya ɗaga sunansa. Ni dai gani nake kamar kaji sun taka tawada, amma ba fagena ba ne.

Ka lura da kyau: daga 1948 zuwa ƙarshen 1950, lokacin da hannunsa ya fi faɗawa, ya daina sha. Da ya koma wa kwalba, a 1951 sai baƙin fenti kusan zalla. Aiki ya yi ta ja baya, har a 1956 bai zana komai ba. Ran 11 ga Agusta ya ja mota a buge, ya mutu yana shekara 44, ya tafi da ran wata 'yar mutane.

Wannan ne gwanin naka? Kawunnanka duka sun ce kada in bar ka ka karanta zane, na sayar da gonar bakin rafi na tura ka. Da idonka ka ga yadda muka ɗauko Baba Ƙarami. Wallahi ba zan sake irin wannan ɗaukar ba, kana jina?

Ban ce ka sha ba, ɗana. Tsoro nake ji. Ka kira ni ranar Juma'a bayan an sauko, mu yi magana ni da kai. Hajiya na tambaya ko yajin da ta aiko ya ƙare.

Mahaifinka