Wasiƙa daga Gusau: Tsiron nan ya yi fure

Assalamu alaikum, aminina.

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da uwargida da yara. Yaya Abuja, yaya fama da jama'a? Shirun ya yi yawa, kuma na san abin da za ka ce, aiki. Bari in fara da abin da ya hana ni zama.

Tsiron nan da ka yi wa dariya a bikin autanmu, wanda ka ce in miƙa wa akuya, ya yi fure. Wallahi ya yi! Rawaya ne fes, cikinsa ja-ja, yana buɗewa da hantsi ya rufe kafin magariba. Har maƙwabta na kira suka gani.

Kai da ka rantse ba kaktus ba ne tunda ba shi da ƙaya, to kaktus ne na gaske, dangin tsirran nan na busassun wurare masu tara ruwa a jiki, masana na kiransa Astrophytum asterias. Ka dai tuna siffarsa, kamar ƙaramar kabewa da aka danne ta baje. Yawanci tsaga takwas gare shi, kowace da jerin tuntayen gashi a tsakiya, ga ɗige-ɗigen fari a duk jiki, waɗanda su ma gashi ne ƙanana. Ko ya tsufa da wuya faɗinsa ya wuce santimita 15. Wani Bajamushe mai suna Zuccarini ne ya fara bayyana shi a rubuce a 1845. A daji kuwa ba a samunsa sai a gundumar Starr da ke kudancin Texas a Amurka, bakin kogin Rio Grande, sai kuma jihohin Tamaulipas da Nuevo León a Meziko.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne yadda yake tsira ba makami. In rani ya tsananta sai ruwan jikinsa ya ragu, ya motse, ya nutse har ya yi daidai da ƙasa, ƙura ta rufe shi, korensa ya koma ruwan ƙasa. Mutum sai ya tsallake shi bai sani ba. Yakan fito ne a inuwar ƙananan itatuwa, cikin tsakuwa. Da rana ƙofofin numfashinsa a rufe suke don kada ruwa ya tsere, sai dare ya yi sanyi yake buɗe su ya shaƙi iskar da zai haɗa abinci da ita washegari. Shi ya sa girmansa ke tafiyar hawainiya. Duk da wannan ɓuya, zomaye na tono shi su ci in fari ya yi tsanani.

Amma ba zomo ne ya kai shi bakin ƙarewa ba. Masu kiwo a can suna sa manyan motoci su tumɓuke daji har saiwa, su shuka ciyawar shanu, kuma ciyawar daga nan Afirka aka kai ta, 'yar'uwar ƙarangiya ce. Ran da na san haka na daɗe ina jimami. Ga kuma masu haƙo shi su sayar wa masu tara tsirrai. A 1993 gwamnatin Amurka ta sa shi cikin masu fuskantar ƙarewa, yarjejeniyar CITES ta ƙasashen duniya kan cinikin tsirrai da dabbobin daji kuma ta hana fataucin wanda aka haƙo daga daji. Kada ka tsorata, Alhaji, ba za a zo kama amininka ba. Nawa daga iri aka rene shi, kuma irin waɗannan suna da yawa a hannun masu lambu, musamman a Japan inda suka ƙware wajen fitar da masu farin zane.

Af, ka ji malaminmu na lissafi ya aurar da 'yarsa ta ƙarshe? An yi taro, an tambaye ka, na ce kana nan kana tara tumbi. Kawu kuma ya rushe shingen aguwar nan na bayan gida ya sa bulo. Raina bai so ba, shingen ya girme mu duka. Da na ce masa ko reshe ɗaya ya bar min sai ya ce ai aguwa ba ta ƙarewa. Haka kowa ke cewa, alhali yanzu sai ka yi tafiya mai nisa a gari ba ka ga shinge ɗaya ba. Ita da tinya da ƙerana ba dangin kaktus ba ne, ka karya su ka ga farin ƙaro mai ƙuna, wanda nawa ba shi da shi. Zafi da ƙishi ne suka sa suka yi kama. Na so in hau duwatsun Kwatarkwashi in duba abin da ya rage a can, amma ka san halin da hanyoyinmu ke ciki. Allah Ya kawo mana sauƙi.

Yanzu damuwata biyu. Damina na ƙaratowa, shi kuwa ruwa ne ajalinsa, in ƙasa ta daɗe da laima sai saiwar ta ruɓe ba a ankara ba. Na sauya masa tukunyar ƙasa mai huji, na cika ta da yashin rafi da tsakuwa da fasasshen kasko, na ja shi ƙarƙashin rumfa. Ɗayar kuma taka ce. Wannan tsiro ba ya yin iri shi kaɗai, dole sai an ɗauko garin fure daga wani ɗan'uwansa. A can ƙudan zuman daji ke wannan aiki, a nan ni zan yi da gashin kaza. Don Allah ka leƙa wajen masu sayar da furanni a bakin titi ka nemo min na biyu. Ka ƙirga tsagar, ka shafa ka ji ba ƙaya, ka tambaya ko daga iri aka rene shi. Kada ka ba direba a leda, zafi zai dafa shi, a kwali za a sa shi ba tare da an ba shi ruwa ba.

Ka gaida uwargida, ka ce yajin da ta aiko ya ƙare. Inna na gaishe ka, ta ce in ba ka zo Babbar Sallah ba kada ka kira ta.

Naka,
Amininka na Tudun Wada