Gwada mota ba aikin 'yan hutu ba ne

Malam Edita, salamu alaikum.

Dariyar da ma'aikacin gidan rediyonku ya yi a shirin daren Laraba ita ta sa na ɗauki biro. Ya gama karanto tarihin wani Bature da ya rasu, wanda tun yana saurayi har furfura ba ya da sana'a sai gwada motoci da jiragen ruwa yana rubutawa a jarida, sai ya kwashe da dariya, wai aikin 'yan hutu ne, mu nan ina ruwanmu. Haba malam! Wallahi raina ya ɓaci.

Shi da bakinsa ya faɗi abin da mutumin ke yi. A ba shi mota, ya hau da ita tudu, ya taka birki ya auna inda za ta tsaya, ya ga lita nawa take sha a kilomita 100, sannan ya faɗa wa mai saye gaskiya ko da kamfani zai ji haushi. Wannan ne hutu? Shi ne fa abin da muka rasa a Damagaram.

Ni direba ne, hanyar Tanut zuwa Agadas nake bi. Hiace ɗin da nake ja ta hannu ce, ta Kwatano ta shigo tun kafin a rufe iyakar Nijar da Benin a 2023. Dillali ya rantse mini da abin da zai kashe shi cewa wata tsohuwa ce ke zuwa cefane da ita a Turai. Fenti na walƙiya, agogon kilomita kamar jiya ta fito. Ban kai Tanut da lodin farko ba ta fara tafasa. Da makanikena ya kwance inji a Zango, ya lakato baƙin mai da yatsa ya nuna mini, ya ce, "Maigida, wannan ta zagaya duniya ta dawo, juya agogon aka yi." Kuɗin gonar gado ne na zuba a ciki. Da akwai mutum ɗaya a gidan rediyonku da ya san mota, mai faɗa mana a duba robar feda da sitiyari a ga yadda suka cinye kafin a yarda da agogo, da ni da irina ba mu shiga wannan ukubar ba. Wa ke gaya wa yaran kabu-kabu yadda ake gane takalmin birki na jabu? Wa ke bayani a kan man kwalba na bakin titi, ga matatar man fetur ta SORAZ a bayan gari tun 2011? Ƙurar hunturu kaɗai, yadda take toshe matatar iska, ta isa shiri guda.

Da ya zo kan jiragen ruwa ma sai ya ƙara da ba'a, wai mu da ke jiran ɗan garuwa me ya haɗa mu da kwale-kwale. To busasshen kifin da yake ci, a ƙafa ya zo daga tafkin Cadi? Mutanen Difa da ke ƙetare Komadugu ba su jin tasharku? Kwale-kwale na kifewa a kogin Kwara saboda lodi ya yi yawa kuma ba rigar ceto, ku karanta a labarai ku wuce.

Abin haushin, baƙi sun daɗe suna rubuta labarin hanyoyinmu. Motocin Citroën masu sarƙa da suka ratsa Sahara a 1924 sun bi ta Zinder, lokacin nan ce hedikwatar ƙasa, da mai ɗaukar hotonsu. Tseren motoci na Paris-Dakar ya yi shekaru yana kwaso 'yan jarida zuwa Agadas da Tenere. Su sun ga abin rubutawa, mu da muke kwana a kan hanyar an mai da mu abin dariya. Ku ware ko rabin awa a sati, ku gayyato tsofaffin direbobi da makanikai, ku bar tallan 'yan kasuwa a gefe. In mutanen ne ba ku da su, ku aiko tasha, za mu nuna muku.

Sannan don Allah ku daina sako tallan sabulu da kiɗa a tsakiyar sanarwar rasuwa. Ran Juma'a ana cikin faɗin lokacin jana'izar maƙwabcinmu kuka yanke, mutane da yawa sai bayan an dawo daga maƙabarta suka iso.

Naku mai saurare,
wani direba daga unguwar Birni, Damagaram.