A Daina Haɗa Wa Ɗalibai Motif Da Konsit A Kwano Ɗaya

Assalamu alaikum Malam Edita,

Ina roƙon ɗan fili a wannan jarida mai farin jini domin in yi magana da 'yan'uwana malaman adabi, musamman masu shirya yara don jarrabawar fita sakandare. Akwai wata 'yar takardar taƙaitaccen bayani da ke yawo a hannun ɗalibai, ba sunan marubuci, a shagunan fotokwafi ake sayar da ita. A cikinta an ce motif da konsit duk "hoto ne da marubuci ke maimaitawa". Yara sun haddace wannan kamar karatun allo, kuma shi suke zubo mana a takardun gwaji. To ba haka ba ne.

Motif abu ne mai dawowa. Wanda ya karanta Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, wanda ya fito a 1934, ya san shi ko da bai san sunansa ba. Alhaji Imam, tauraron labarin, ya shiga wani gari, sai ga abokin hamayyarsa Malam Zurƙe. Wannan ya yi wa wancan tsiya, su rabu, can gaba a wani garin a rama. Haɗuwa guda ba komai ba ce face abin dariya. Maimaituwarta ce ke ɗaure labarin, har mai karatu ya fara sa ido yana jiran inda Zurƙe zai ɓullo. Haka jini yake a wasan Macbeth na Shakespeare. Bayan kisan sarki, Macbeth ya ce teku duka ba za ta wanke hannunsa ba, matarsa ta ce ruwa kaɗan ya isa. Kusa da ƙarshe ita ce ke tashi cikin barci tana ta murza hannu, tana cewa turaren Larabawa duka ba zai kashe ƙarnin ba. Ba wanda ya tsaya ya yi mana sharhi, dawowar jinin ce ta yi aikin.

Konsit kuwa a wuri guda yake zaune, kuma hujja yake kafawa. Doguwar siffantawa ce, amma irin wadda ake haɗa abubuwa biyu da ba wanda ya taɓa zaton suna da dangi, sannan a bi kamancin daki-daki har mai sauraro ya sallama. Misalin da aka fi kawowa na John Donne ne, mawaƙin Ingila da ya rasu a 1631. An ce zai yi tafiya ne ya rubuta wa matarsa waƙar bankwana, ya kwatanta su biyu da ƙafafun kamfas, irin wanda yaranmu ke zana da'ira da shi a darasin lissafi. Wa ya aike shi? Soyayya da ƙarfe mai tsini! Amma ku bi shi: ƙafa ɗaya kafe take a tsakiya, ɗaya na zagaye. Idan mai zagayen ta yi nisa, ta tsakiyar sai ta karkata wajenta. Idan ta dawo, sai ta miƙe tsaye. Kuma kafewar ta tsakiya ce ke sa da'irar ta fita daidai, mai tafiya ya ƙare inda ya fara. Nakan kai kamfas aji in buɗe shi a kan tebur, yara su ga karkatar da idonsu. Baiti uku ne kacal a ƙarshen waƙar, kuma sau ɗaya ya zo. Ina maimaici a nan?

Mu da muka tashi da kacici-kacici bai kamata wannan ya ba mu wuya ba. "Shanuna dubu, maɗaurinsu ɗaya", tsintsiya ke nan. Irin wannan nisan kamu ne, sai dai shi mawaƙi yakan faɗi amsar tun farko, ya zauna yana nuna maka yadda ta dace.

Na san inda ruɗanin ke fitowa, kuma ban ga laifin yaran ba sosai. Siffantawa takan tsufa. Masu waƙoƙin wa'azi sun daɗe suna kwatanta duniya da mace mai yaudara, ta yi ado ta ja wawa ta yashe shi. Idan mawaƙi ɗaya ya zauna a kan wannan cikin baitoci yana warware shi gaɓa-gaɓa, konsit yake yi. Idan kuwa muka ga budurwar wawan nan tana leƙowa daga waƙa zuwa waƙa, a taɓa ta a wuce, ta zama motif. Abin da za a tambayi ɗalibi shi ne: nawa ka gan shi, kuma me ya sauya tsakanin gani na farko da na ƙarshe? Ko kuwa wuri guda ne, mawaƙin yana jan ka da dalili?

Roƙona gare ku, Malam Edita, shafinku na adabi ya riƙa buga waƙa sukutum, a biyo ta da ɗan nazari, domin malamin ƙauye ya sami abin yankewa ya kai aji.

Wassalam,
Wani malamin adabi, daga Funtuwa.