Likita, Yaya Zan Ba Yaranmu Antibayotik Ba Tare Da Mun Cutar Da Su Ba?

Assalamu alaikum, Likita.

Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, na rubuto ne domin neman shawara a kan magungunan kashe ƙwayoyin cuta na bakteriya da ake ba yara su sha, waɗanda kuke kira antibayotik. Ni uwa ce mai 'ya'ya uku, kuma muna zaune a babban gida tare da Hajiya, mahaifiyar maigidana, da faccalolina biyu.

Ɗana na tsakiya, mai shekara 3, ya yi fama da tari da zazzaɓi har numfashinsa ya soma sauri. A asibitin unguwarmu ma'aikaciyar lafiya ta ƙirga numfashin nasa na tsawon minti guda, ta ce mini yaron da ya cika shekara 1 bai kai 5 ba, idan yana ja sau 40 ko fiye a minti alhali yana zaune bai yi kuka ba, alamar namoniya ce, wato ciwon huhu. Ta gwada jininsa ba ta ga zazzaɓin cizon sauro ba, ta ɗora shi a sikeli, sannan ta rubuta masa antibayotik mai suna amoksisilin, na gari wanda ake haɗawa da ruwa, safe da yamma har kwana 5. Alhamdu lillahi, tun kafin kwanakin su cika zazzaɓin ya sauka, yaro ya koma wasansa.

A nan ne saɓani ya taso. Hajiya ta ce tunda ya warke a daina ɗura masa magani, a ajiye ragowar domin ƙanwarsa da ke mura. Na san tausayi ne ya sa ta faɗi haka, domin magani ya yi tsada ƙwarai, kuma ita ta yi rainon yara da yawa kafin a haife ni. Amma abin da aka gaya mini a asibiti shi ne a cika kwanakin da aka rubuta ko da yaro ya ji sauƙi, kuma a kan nauyinsa aka auna masa adadin da zai sha, saboda haka bai dace da ƙanwarsa ba. Na kuma sha ji a rediyo cewa yawancin mura ƙwayar bairos ce ke kawo ta, wadda antibayotik ba ya yi mata komai, kuma yawan shan sa ba bisa ƙa'ida ba ne ke sa ƙwayoyin cuta su bijire har magani ya daina aiki a ranar da ake tsananin buƙatarsa. Ina roƙon ka tabbatar mini ko haka ne, ka kuma nuna mini alamomin da uwa za ta gani ta san tarin ɗanta ya wuce mura, lokacin komawa asibiti ya yi.

Damuwata ta biyu ajiya ce. Na tafasa ruwa ya huce, na zuba daidai zanen da ke jikin kwalbar, kuma ina girgizawa kafin kowane sha. Sai dai takardar ta ce a ajiye a wuri mai sanyi, a zubar da abin da ya rage bayan kwana 7, mu kuwa ba mu da firij, ga zafin bazara. A gindin randa nake sa kwalbar, cikin jiƙaƙƙen yashi. Shin wannan ya wadatar? An ce mini akwai amoksisilin na ƙwaya da ke narkewa a ɗan ruwa kaɗan, wanda ba ya buƙatar sanyi, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da shi ga ƙananan yara. Ko ya kamata in riƙa roƙon a rubuta mana shi?

Haka nan, idan cokalin awo na mililita 5 ya ɓata, cokulan gida kuwa ba girmansu ɗaya ba, me zan yi amfani da shi? Idan yaro ya yi amai jim kaɗan bayan ya sha, zan sake ba shi ne ko in jira lokaci na gaba? Kuma yaya zan bambanta ƙurajen zafi da borin jinin da magani ke jawowa, wanda aka ce idan ya haɗu da kumburin fuska ko sarƙewar numfashi sai a garzaya asibiti?

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne jaririn faccalata mai wata 8. Duk lokacin da ya yi gudawa sai a ce haƙori ne, a aika kemis a sayo antibayotik irin su Flagyl da Septrin ba tare da takardar likita ba, wani lokaci ma a fasa kafson nan ja da yalo a zuba masa a kunu. Na ji cewa wannan kafso tetirasaikilin ne, kuma yana ɓata launin haƙoran yaran da ba su kai shekara 8 ba har abada. Abin da aka koya mana a wurin rigakafi shi ne ruwan gishiri da sukari na ORS, da ƙwayar zink ta kwana 10 zuwa 14, da ci gaba da ba da nono, ba antibayotik ba, sai fa idan an ga jini a bayan gida. Na faɗa wa faccalar tawa da lalama, ta ce ai duk yaran gidan da haka aka raine su.

Ni suruka ce a gidan nan, maganata tana da iyaka, kuma ba na son a ga kamar ina ja da Hajiya. Shi ya sa nake roƙon ka amsa a wannan shafi da Hausa mai sauƙi, domin maigidana ya yi alkawarin zai karanta mata amsar da kansa, ita kuwa tana girmama maganar likita.

Allah ya saka maka da alheri, ya ƙara basira.

Wassalam,
Wata uwa daga Funtuwa