Motar lantarki a ƙauye, a ina za mu yi cajin?

Ranka ya daɗe Edita, assalamu alaikum.

Tun da aka cire tallafin mai a 2023 kowa maganar mota da adaidaita mai lantarki yake, wai an huta da gidan mai. To madalla, amma don Allah a riƙa faɗa wa mutane gaskiyar lamarin caji. In a soket ɗin gida ka jona mota sai ta kwana ta wuni ba ta cika ba, cajar bango ta musamman kuwa awa 6 zuwa 10 take ci, mai saurin nan da ake yayi wadda ke kai batir kashi 80 cikin minti 30 ko 40 ita sai manyan birane, mu nan da wuta kan yi kwanaki ba a kawo ba ina za mu gan ta?

Sai batun batir, nan ne kuɗin yake. Yawancin kamfanoni garantin shekara 8 ko kilomita 160,000 suke bayarwa, amma fa na sabuwa ne, mu kuma tokumbo muke saya wadda ta riga ta ci rabin kwananta a Turai. Ga zafi, batirin litiyam ba ya shiri da shi sam, a watan Afrilu nan ana haura digiri 40, in aka haɗa da yawan cajin sauri da barinsa ya mutu ƙurmus to da wuri zai gaji.

Ni dai a ganina a fara da babur da adaidaita, a kafa rumfunan sola a kasuwannin mako inda mutum zai ajiye batirin da ya ƙare ya ɗauki cikakke, a kuma koya wa makanikanmu gyaransu.

Naka mai karatu,
daga Kafin Hausa, Jihar Jigawa